Yadda Sulle Ya Fito a Gawa

A Falgore kowa ya san Sulle da abu biyu: gyaɗarsa da bakinsa. Gyaɗar ba a taɓa kushe ta ba. Bakin kuwa, matarsa Turai ce ta fi kowa sanin zafinsa, musamman idan an kunna fim.

Sulle ya haura hamsin da biyar, amma son kallo bai sake shi ba. Duk ranar kasuwar Karaye, in ya gama da masu sayen gyaɗa, sai ya ratse rumfar Sabi'u mai tura finafinai a waya, ya miƙa masa wayarsa mai tsagaggen gilashi.

"Zuba min na ƙauye," haka yake cewa. "Wanda ake noma a ciki, ko kiwo. Kar ka sa min na falo da kujeru, ban san kansu ba."

Sabi'u ya daɗe yana zaton dattijon so yake ya ga irin rayuwarsa a fim. Ashe ba haka ba ne. Sulle kuskure yake farauta. Daɗin fim a wurinsa shi ne ya ga jarumi ya wuni yana noma, ya tashi ƙafarsa fes kamar ta ango. Ko a ce ana tsakiyar damina, ga kuka a bayan mai magana babu ganye ko ɗaya a kanta. Ko a ɗaure jar akuya a turke, kyamara ta juya ta dawo, akuya ta zama baƙa. Idan ya kama irin wannan sai ya tsayar da fim, ya mayar baya, ya sake kallo, ya yi dariya har da dukan cinya.

Ita kuwa Turai kuka take so. In fim bai sa ta jiƙa gefen mayafinta ba, to an ɓata mata lokaci. A ba ta marainiya, a ba ta uwa mai jinya, a ba ta ɗan da ya ɓace ya dawo bayan shekara ashirin, shi ke nan ta samu abin da take nema. Da can tare suke kallo bayan la'asar, a tabarma ɗaya, waya jingine da tulu. Ranar da abin ya ƙare, wata uwa ce ta rasu a fim, 'ya'yanta sun kewaye ta, Turai ta fara shessheƙa ke nan, Sulle ya kai yatsa ya tsayar.

"Turai, dubi cikin gawar nan. Wallahi numfashi take yi."

"Malam, ka sakar min fim."

"Duba dai ki gani! Ga shi nan yana hawa yana sauka. Wannan ai abinci ta ci ta ƙoshi."

Turai ta naɗe tabarmarta. Ba a yi sati ba 'yarsu Munawwara, wadda take aure a Rogo, ta aiko mata da tsohuwar wayarta. Daga nan kowa ya kama kusurwarsa a tsakar gida: kuka daga bakin madafa, dariya daga gindin darbejiya.

Ana haka kaka ta shigo. Wata safiya Nasiru, ɗan ƙanwar Sulle, ya bugo waya daga Kano. Shekara uku ke nan yana aiki da 'yan fim, shi ne mai nemo musu wuraren da za a yi ɗauka.

"Kawu, gonar gyaɗa muke nema wadda ba a cire ba. Kwana uku kawai. Na ce da darakta babu kamar taka."

Sulle ya danne murnarsa don kada a ji ta a waya. Ya gyara murya ya ce to, zai duba, in dai ba za a tattake masa kunyoyi ba. Yana ajiye wayar ya leƙa madafa.

"Turai! Masu kuskuren za su zo da kansu. Har gona."

Ranar Talata da hantsi wata doguwar mota ta sauke su a bakin gona. Darakta Aƙilu ne ya fara fitowa, siririn mutum mai ƙaramin gemu, da hular hana sallah da takardu a hammata. Ya durƙusa ya gaida Sulle da kyau, ya tambayi gida, ya tambayi amfanin gona, har Sulle ya ji ya ɗan kwanta masa. Sai jarumin fim ɗin, Abdulmutalib, ya fito riƙe da lema, yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. A bayansa jarumar, Bahijja, tana ɗaukar kanta hoto. Kafin a kafa kyamara rabin garin ya hallara, mata can gefe ƙarƙashin ɗorawa, Turai a gabansu.

Nasiru ya ba kawunsa labarin a gurguje: ɗan mai kuɗi ne mahaifinsa ya kore shi, ya zo ƙauye ƙwadago, ya faɗa son 'yar mai gona. Sulle ya gyaɗa kai. Bai da ja da wannan. Rigimar ta fara ne da aka fito da kayan da jarumi zai sa: wata yagaggiyar riga da wando mai ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera. Wata mata kuma ta zo tana goga masa gawayi a kumatu.

"Wannan fa?" in ji Sulle.

"Manomi zai fito, Baba," in ji darakta.

"Manomi ko mahaukaci? Dube ni. Dubi mutanen nan. Ka ga mai gawayi a fuska? Gona za shi ko gidan maƙera?"

Aka yi dariya. Darakta ya yi murmushin dole, ya ce a rage gawayin.

Aka ba Abdulmutalib fartanya. Darakta ya ɗaga hannu ya ce, "Akshin!" Jarumi ya ɗaga fartanya sama da kansa ya zabga wa kunya sara a tsakiyar kai, kamar mai kashe kunama. 'Ya'yan gyaɗa suka tarwatse, rabi sun dare gida biyu. Darakta ya ce, "Kat!" aka tsaya, wai rana ta haske gilashin kyamara. Sulle kuwa ya kama kalmar ya adana. Da aka sake cewa akshin, jarumi ya sake ɗaga fartanya, sai aka ji wata murya daga bayan kyamara.

"Kat!"

Mai kyamara ya tsaya. Darakta ya waiwayo.

"Wa ya ce kat?"

"Ni ne," in ji Sulle. "Ɗan nan, ba a saran gyaɗa a ka. Ta ƙarƙashin kunya ake shigar da ƙarfe, a ɗago, a kakkaɓe ƙasa, a kifa ta 'ya'yan suna kallon rana. Kai da wa kake faɗa?"

Kafin azahar Sulle ya ce kat sau bakwai. Ya ce kat don Bahijja ta kawo fura a roba mai murfi tana tafiya da takalmi mai tsini. Ya ce kat don jarumi ya share gumin da babu shi. Ya ce kat don an ce da jarumi ya jingina da rumbu ya yi tunani, alhali mai ƙwadago da rana tsaka ba shi da lokacin tunani. Mai kyamara ya rikice, har ya fara kallon Sulle kafin ya kunna. Nasiru ya ja kawunsa gefe yana roƙo.

"Kawu, don Allah. Aikina za ka raba ni da shi."

"Taimakonsu nake yi. In ban faɗa musu ba, wani ne zai zauna a gindin bishiya ya yi musu dariya."

"Wane ne zai yi?"

"Ni."

Darakta Aƙilu ba yaro ba ne a sana'ar. Bayan an yi salla an ci abinci, ya zo ya tsuguna kusa da Sulle, ya sassauta murya.

"Baba, na lura kana da ido. Kuma kana da fuska irin wadda kyamara take so. Wanda zai fito a mahaifin yarinya bai samu zuwa ba. Me zai hana ka fito?"

Sulle ya shafa gemu. "Me mahaifin yake yi?"

"Babban matsayi ne. Duk labarin a kansa yake juyawa. Maciji ne zai sare shi a gona, ya rasu."

"Yaushe?"

"Da an fara."

"Wato kwanciya zan yi in yi shiru."

"Kwanciya mai ma'ana, Baba."

Sulle ya gane sarai dabarar rufe masa baki ce. Amma wani abu ya motsa a ransa. Shekara da shekaru yana kallon gawa tana numfashi, tana ƙifta ido, tana gyara kwanciya. Ga dama ta zo a ga yadda ake mutuwa da kyau. Sai dai ya kafa sharaɗi: kafin ya mutu, za a ɗauki cirar gyaɗa sau ɗaya yadda ake yin ta, daga farkon kunya har ƙarshenta, kuma ba za a yanke ba. Darakta ya kalli sama, ya kalli agogo, ya ce ya amince.

Yammacin ranar Abdulmutalib ya san ya zo Falgore. Sulle ya karɓe lemar, ya sa shi ya cire kunya uku don koyo kafin a kunna kyamara. Da aka zo ɗauka gumin gaske ne yake zuba, ƙafarsa ta yi buɗu-buɗu, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya cire kunyar tas, ya kakkaɓe, ya kifa, bai fasa ko ƙwaya ɗaya ba. Tsofaffin da suke kallo suka ce madalla. Shi kuwa jarumi ya zube a inuwa yana tambayar ko akwai kemis a kusa.

Washegari da safe aka zo mutuwa. Sulle ya ƙi yarda a shafa masa komai. Ya zaɓi wuri tsakanin kunyoyi biyu, ya kwanta, ya saki jiki, aka lulluɓe shi da zani har ka. Ya ja numfashi ya riƙe. Ya ji darakta ya ce akshin. Ya ji gudun Bahijja, ya ji ta faɗi a gefensa tana kiran "Baba! Baba!", warin man zafin da ta shafa a ƙasan ido don hawaye yana shigar masa hanci. Bai motsa ba. Wani cinnaka ya hau ƙafarsa, ya bi ta cikin wando, ya sami wuri mai laushi a bayan gwiwa ya kafa baki. Sulle ya cije. A ransa yana cewa, yau za a ga gawa.

Can gefe kuma ya jiyo wani kukan daban, ƙasa-ƙasa, ba irin na Bahijja ba. Ya so ya gane muryar, amma hankalinsa yana kan cinnaka.

Sai Abdulmutalib ya matso, ya durƙusa, ya karya murya ya faɗi abin da aka rubuta masa.

"Ki yi haƙuri, ki daina kuka. Na ɗaukar wa Baba alkawari, gobe da sassafe zan ɗauki lauje in girbe gyaɗar nan gaba ɗaya."

Gawa ta jure cinnaka. Gawa ta jure man zafi. Wannan ne ba ta iya jurewa ba. Daga ƙarƙashin zani aka ji murya tar.

"Da lauje? Shinkafa ce?"

Bahijja ta ƙwalla ƙara ta gaske ta yi baya da gudu. Mai kyamara ya durƙushe yana riƙe da ciki. Mutanen gari suka kece, wani tsoho har da faɗuwa daga kan kututture. Sulle ya yaye zani ya tashi zaune yana sosa bayan gwiwa.

"Jiya-jiya na koya maka da hannuna! Wa ya rubuta lauje?"

Darakta ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ba a san ko dariya yake ko kuka ba.

A cikin hayaniyar ne Sulle ya hango Turai. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Idanunta sun yi ja, gefen mayafinta ya jiƙe sharkaf. Ta dube shi sau ɗaya, ta juya ta kama hanyar gida. Aka gyara maganar, aka sake ɗauka, Sulle ya mutu lafiya lau a karo na biyu, amma da ya koma gida tuwonsa kawai ya tarar a rufe a ƙofar ɗaki. Kwana biyu Turai ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa.

'Yan fim suka tafi. Sulle ya cire sauran gyaɗarsa, ya tara harawa, ya ci gaba da harkokinsa. Fim bai fito ba sai da bazara, amma tun kafin nan wani daga cikin ma'aikatan ya saki guntun wurin da gawa ta yi magana. Ya bi wayoyi kamar wutar daji. Ranar da Sulle ya shiga kasuwar Karaye, tun daga tasha 'yan acaɓa suka fara.

"Baba Lauje! Shinkafa ce?"

Masu awo suka ɗauka, mahauta suka ɗauka. Wata mata da ta zo sayen manja ta tsaya ta leƙa fuskarsa ta ce, "Laa, gawar nan ce!" Sulle bai ji haushi ba. Duk wanda ya tsokane shi sai ya tsaya ya yi masa bayani cewa ai gaskiya ya faɗa, ba a girbar gyaɗa da lauje.

A rumfar Sabi'u aka ba shi kujera, aka kunna fim ɗin a babban allo, mutane suka taru a bayansa. Darakta ya cika alkawari. Ga Abdulmutalib nan a farkon kunya, ya sunkuya, ya shigar da fartanya, ya ɗago, ya kakkaɓe, ya kifa. Ya matsa gaba. Ya shigar, ya ɗago, ya kakkaɓe, ya kifa. Sulle ya gyara zama yana jiran wani ya yaba. Minti ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Wani a baya ya ce, "Sabi'u, tura mana gaba mana. In cirar gyaɗa ce ai daga ita muka fito."

"Kar ka taɓa," in ji Sulle.

Ya zuba ido yana neman abin kamawa. Riƙon fartanya daidai. Gumi daidai. Ƙasa a ƙafa daidai. Babu inda zai tsayar, babu inda zai mayar baya. A minti na huɗu ya ji hamma ta taso masa, ya danne ta, ta ƙi dannuwa. Sabi'u ya gan shi.

"Baba, in tura?"

Sulle ya ce, "Tura."

Mutuwarsa ta zo ta wuce, gawa ba ta motsa ba ko kaɗan, ba kuma wanda ya lura. Aka yi zaman makoki, aka share hawaye. Ana cikin wani wuri da jarumi da jaruma suke hira a bakin gona, wai kwana arba'in da rasuwar Baba, sai Sulle ya zabura.

"Tsaya! Mayar baya!"

Can nesa a bayansu, kusa da karan dawa, ga wani mutum da jar hula yana bin awaki da gudu yana jifansu da hoge.

"Ni ne!" in ji Sulle. "Wallahi ni ne! Kwana arba'in da binne ni, ga ni ina korar awaki!"

Ya yi dariya har hawaye suka zubo. Sau shida ya sa Sabi'u ya mayar. A mota ma, kan hanyar komawa, shi kaɗai yana ta ƙyaƙyatawa, har kwandasta ya tambaye shi ko lafiya.

Ya iso gida bayan la'asar, ya tarar da Turai tana tankaɗe. Ya miƙa mata waya.

"Ga fim ɗinmu. Akwai kuka a ciki, irin naki."

"Ba zan kalla ba."

"Don na yi magana a gawa? Ai sun yanke wurin."

Turai ta ajiye rariya. "Malam, kai ka ɗauka kukan fim nake so don ina son mutuwa? In na kalli na wasu, na san da an gama kowa zai tashi ya karkaɗe rigarsa ya tafi gida. In yi kukana, in share, in ɗora tukunya. Ranar nan kuwa ƙafarka na gani ta leƙo daga ƙarƙashin zani. Da fason nan naka da na sani. A gonarka. Shekara talatin da uku muna tare, ban taɓa ganin ka yi shiru haka ba." Ta ɗauki rariyar ta ci gaba. "Da ka yi maganar laujen nan, ban san ko in gode wa Allah ko in kwaɗa maka muciya ba."

Sulle ya tsaya da waya a hannu. Ya auna maganar, ya ga babu abin gyarawa a cikinta. Ya jawo turmi ya zauna a kai, ya riƙe mata bakin buhu tana juye gari.

Bayan sati biyu darakta Aƙilu ya bugo da kansa. Ya ce mutane suna ta tambayar Baba Lauje, yana so ya sake sa shi a wani fim. Turai tana jin haka ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"Ɗan nan, ina wuni. In gawa ce, ba zai yi ba. Ka ba shi wanda zai kai ƙarshe da ransa."

"To, Inna," in ji darakta, "masu rai duk an raba. Saura ɗaya, ɓarawon akuya."

"Yana mutuwa?"

"A'a, duka kawai zai sha."

"Wannan ya yi," in ji Turai, ta mayar wa mijinta waya.

Sulle ya karɓi aikin, amma abu ɗaya ya dame shi. Bai taɓa satar akuya ba, kuma ba ya so ya je gaban kyamara ya yi abin da wani zai zauna ya yi masa dariya. Washegari bayan sallar azahar, dattawa suna zaune a inuwar masallaci, ya gyara murya ya ce yana da tambaya: shin ɓarawo yaya yake yi da akuya har ya fita da ita daga gida ba ta yi kuka ba?

"Gishiri ake cusa mata a baki," in ji mutum uku a tare.

"Ina! Dusa ta fi," in ji na huɗun, wanda yake ja musu salla idan liman ya yi tafiya. "Gishiri sa ta atishawa yake yi."

Wurin ya yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.